Waƙafin da Ya Kashe Babana

Shekarun baya, lokacin jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ina zuwa koyon kwamfuta a wani shago da ke Jega. Na riga na iya tafireta, sai aka yi ta cewa zamaninta ya kusa wucewa, shi ne yayana ya sa ni a wurin. Kwamfuta biyu ce a shagon, mu kuwa mun cika benci. Malaminmu bai yarda a tsaya ga buga wasiƙa kawai ba, sai ya haɗa mana da BASIC, yaren da 'yan koyo ke fara ba na'ura umarni da shi. Ni a lokacin babban abin da na iya shi ne in sa ta rubuta sunana ya yi ta gangarowa har sai an tsayar da ita. Amma idan na dawo gida, tafiyar da nake yi sai ka ce ni na ƙera ta.

Mahaifina malamin gona ne. An tura shi Giwa Tazo, can ƙasar Maiyama, kuma idan damina ta kankama yakan yi makonni bai leƙo gida ba. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane ba. A lokacin idan mutum ya tafi ya tafi ke nan, sai dai saƙon baki ta hannun direba. Zuwansa na ƙarshe ya koma da zazzaɓi a jikinsa. Mahaifiyata ta yi ta roƙon ya ƙara hutawa, ya ce tsutsa ta shiga gero, manoma na jiransa.

Wata safiya ina shirin fita, wani abokin aikinsa ya yi sallama a zaure. Yayana ya fita. Ina daga bakin ƙofa ina jin su.

"Ashe Malam lokaci ya yi? Wallahi ban ji ba, sai jiya da nig gani ga allon ofis. Allah shi jiƙan shi."

Yayana ya ce, "Wane Malam?"

Mutumin ya dube shi. Can ya ce, "Ba ku sani ba?"

Ashe an liƙa takarda a ofishinsu mai sunayen ma'aikatan da suka rasu, ana neman iyalansu su kawo takardu. Sunan mahaifina na ciki, da lambar aikinsa, da wurin da yake aiki. Shi bawan Allah ta'aziyya ya zo yi, bai san shi ne mai kawo labari ba.

Mahaifiyata na tankaɗe a tsakar gida. Rariyar ta suɓuce daga hannunta, gari ya watse. Ba ta yi ihu ba. Abu ɗaya ta riƙa maimaitawa: "Anka rufe shi ba a hwaɗa muna ba? Mi munka yi musu?" Ni kuwa na zauna a ƙasa da littafin kwamfutata a cinya, ina kallon takalmansa na zuwa masallaci a bakin ɗaki. Hawaye ma ya ƙi zuwa.

Yayana ya ari babur ya nufi Maiyama, ya ce ko kabarin ne a nuna masa. Kafin azahar gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, tsofaffi sun cire wa mahaifiyata 'yan kunne, sun ce takaba ta hau kanta.

Bayan la'asar muka ji ƙarar babur biyu, sai kuma salati ya tashi daga waje. Kafin mu miƙe, ga mahaifina ya shigo, wando duk laka, da ƙunshin ɗanyar masara a hannu. Wata gwaggona ta zabura ta shige ɗakin girki, takalmi ɗaya a ƙafa. Wasu suka rufe fuska da mayafi.

"Ni na," in ji shi. "Ku zamna, ni na."

Mahaifiyata ta taso a hankali, ta kama hannun rigarsa ta murza, kamar mai duba atamfa a kasuwa. Sai a lokacin ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun safe. Yayana ya ce a gona ya same shi tsaye yana nuna wa manoma yadda ake feshi.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe a gida kawai ya dawo da rai. Da ya je ofis, abokan aikinsa suka rungume shi, suka yi ta hamdala, sannan suka ce ba su da ikon gyarawa. Takardar daga kwamfuta ta fito, kuma an riga an aika da ita gaba. An tsayar da albashinsa, ana maganar karɓe babur ɗin aiki a ba wanda zai maye gurbinsa. Ya rubuta takardar koke, aka ce ana dubawa. Ya yi ta sintiri. Wata rana ya dawo ya zauna ya ce da ni, "Ke da ke karatun abin nan, mi nay yi mata tak kashe ni?" Na yi murmushin kunya. Ni da iyakacina sunana ya gangaro?

Ana cikin haka muka kai darasin fayil. Malaminmu ya ce duk abin da muka rubuta a baya yana gushewa da an ɗauke wuta, yanzu za mu koyi ajiye bayani a faifai da kuma karanto shi. Ya ba mu aiki: mu rubuta sunayen 'yan aji a fayil ɗaya, garuruwansu a wani fayil ɗin, sannan mu rubuta shirin da zai ɗauko suna daga nan, ya ɗauko gari daga can, ya jera su tare.

Akwai mutum biyu masu suna ɗaya a ajin. Don in bambanta su, sai na rubuta sunan na farko, na sa waƙafi, na ƙara da "tela". Na ga na yi dabara. Da na sa shirin ya yi aiki, sai ga "tela" ya fito a layinsa shi kaɗai kamar wani mutum, har an ba shi gari. Ƙawata 'yar Aliero ta koma 'yar Jega, wani ɗan Jega ya koma Maiyama. Aji ya kwashe da dariya.

Malam ya ce, "Kun gani? Umarnin INPUT idan yana karanta fayil, da ya iske waƙafi sai ya ɗauka suna ya ƙare, wani ya fara. Mutum ɗaya ya zama biyu. Daga nan har ƙasa kowa zai ɗauki garin wanda ke ƙarƙashinsa."

Suna ta dariya, ni kuwa sai takardar ofishin mahaifina ta faɗo mini a rai. Na ce, "Malam, in da ba gari aka rubuta a fayil na biyu ba fa? In da rai da mutuwa ne?"

Ya dube ni. Ya san labarin gidanmu, duk garin an sani. Ya ce, "Ban ga fayil ɗinsu ba, ba zan rantse ba. Amma je ki duba."

Washegari na bi mahaifina ofishinsu. Sai da ya yi ta magiya kafin a bar mu mu shiga ɗakin kwamfutar, kuma sai da muka cire takalma. Mai aikin wani saurayi ne, shi ma bai daɗe da gama koyo ba. Shi ya rubuta shirin da kansa, kuma ka ga alama abin ya daɗe yana cin ransa. Ya ce ya karanta shirin ya fi a ƙirga, bai ga kuskure ba. Na ce, "Fayil nawa ne?" Ya ce biyu. Sunaye da lambobi sun zo da wuri aka buga su, bayanin wanda ke aiki da wanda ya rasu ya zo daga baya, aka buga shi daban a jere iri ɗaya.

Muka buɗe fayil ɗin sunaye, yana gangarawa ina bi da yatsa. Muka yi nisa ba mu ga komai ba, har na fara tunanin yadda zan fita daga ɗakin nan da kunya. Sai ga shi. Wani ma'aikaci an rubuta sunansa, aka sa waƙafi, aka ƙara da sunan garinsu. Ɗan ɗigo mai wutsiya, bai kai ƙwayar gero ba.

Saurayin ya dafe kai. "Innalillahi. Ashe ba Malam kaɗai ba ne." Tunda yawancin mutane "yana aiki" aka rubuta musu, zamewar ba ta nuna ba. Sai dai duk wanda ke saman mamaci ya ɗauki mutuwarsa, mamacin kuma ya ɗauki ran na ƙasa da shi. Ya gyara wurin, ya sake sa shirin, firinta ta fara kuka. Ya ce yau zai kai wa shugabansu da kansa, ko da za a kore shi. Mahaifina ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba wanda za shi kore ka. Tare za mu shiga."

Har mun juya, sai mahaifina ya tsaya. "To mutuwar wa nid ɗauka?"

Saurayin ya karanta sunan da ke ƙarƙashin nasa.

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta canza haka ba. Ya nemi kujera ya zauna. Mutumin amininsa ne, ɗan Jiga Makera. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki a Sakkwato, shi ya sa lambobinsu ke jere. Ɗaki ɗaya suka yi zama suna samari. Aiki ya raba su, kowa na daji, kuma labarin rasuwar bai taɓa iso shi ba. Duk sintirin nan da yake yi, har yana cewa a ransa idan damina ta wuce zai je ya ba shi labari su yi dariya.

A ranar ya ɗauke ni a babur muka wuce Jiga Makera. Muka iske matar marigayin cikin takaba. Ta ce ƙanen mijinta ya je ofis da takardu, aka ce masa ai a wurinsu mutumin yana bakin aiki, ya koma. Mahaifina ya zauna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Sai ya ce, "Ni anka yi wa zaman makokinshi."

An gyara takardun daga baya, na rayayyu da na matattu. Mahaifina ya yi shekaru masu yawa bayan nan, yana tsokanar mahaifiyata da cewa ta riga ta rage masa yini guda na takaba.

Ni kuwa aikin kwamfuta ya zama sana'ata, yanzu ma ni ke koya wa wasu. Ɗalibaina na cewa na cika naci, don ba na barin kowa ya buga takarda sai ya karanto fayil ɗinsa ya gwada da asalin abin da aka ba shi, layi bayan layi. Ba na musu. Har yau idan na ga jerin sunaye a allo, ba rubutu nake gani ba. Mace nake gani a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta san wani na tafe da sallama ba.