Yadda 'Yan Kudu Suka Watse

A gidanmu na Ruwan Godiya, lokacin labari shi ne damina, sa'ad da masara ta fara nuna. Da an idar da magariba Iya takan jawo kasko cikin ɗakinta, ta hura wuta, ta jera masara a kan garwashi. Mu huɗu ne jikokinta. Uku 'ya'yan Baffa Isa ne, yayan mahaifina. Ni ce ta huɗu, ni ce kuma mai kwana a bayanta, don mahaifiyata ta rasu ina shekara uku, mahaifina ya bar gari ina shekara biyar. Su tatsuniyar dodo suke so. Ni labari ɗaya nake roƙo, har suka gaji da ni.

"Iya, na 'Yan Kudu."

"Kuma dai? Ke ɗiyar nan, mi kika ajiye cikin wanga labari?" Sai ta juya masara da yatsu, ta ce, "To ku gyara zama, ga ta nan ta iso bakin ƙofa."

Duk mun san labarin ɗanta ne, mahaifina. Amma ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. Takan ce, "An yi wani saurayi ana ce mashi Garba," kamar mutumin da ya rayu tun zamanin da.

Garba, in ji ta, manomi ne ɗan manomi, ba su gaji kiɗa ba. Allah dai ya ba shi baki. In yana huɗa magana yake jerawa, wannan ta hau kan wannan, har abokan gayya su tsaya da garma a hannu suna dariya. Yana da abokai biyu: Ɗanjuma, wanda ya iya kaɗa gambara, doguwar gangar nan ta masu wasa a kasuwa, da Audu mai zaƙin murya. Ranar wata kasuwar Yankara suka tsaya kusa da 'yan hatsi. Ɗanjuma ya saki kiɗa, Garba ya shiga zuba magana da sauri a kan kiɗan, ba rera waƙa ba, magana zalla, Audu yana amsawa.

'Yan gambara an san su da zagi da batsa. Su ba haka suka yi ba. Abin da ke damun mutane suka riƙa faɗi: farin da ya kashe shanu, harajin da bai san an yi fari ba, da masu sayen auduga. Iya ta riƙe baiti ɗaya, takan faɗe shi tana buga muciya a gefen kasko:

"Mai sikeli janye ƙafarka,
Audugata ta yi ƙiba a gona,
Ta zo hannunka ta rame."

Mu kuma mu amsa da ƙarfi yadda Audu yake yi: "Mun gani!"

Kafin shekara ta zagayo an san su daga Sheme har Sabuwa. In suka sauka Kankara, masu awo sukan rufe buhu su je kallo. Da suka je birnin Katsina aka yi musu dariya, aka ce ga 'yan kudu, ƙauyawan kudancin Katsina masu laka a ƙafa. Garba ya tsaya tsakiyar fili ya ce, "E, mu ne. Tuwon da kuka ci jiya daga lakar nan ya fito." Daga ranar suka ɗauki sunan.

A nan muryar Iya takan sauka. Shekarun ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Rediyo ya shiga kowane zaure, babura suka cika hanya, samari suka riƙa ajiye fartanya suna tafiya Kaduna leburanci. Wani Alhaji ɗan kwangila ya ji wasansu a wurin biki, ya ce zai kai su Legas a buga musu faifai. Baffa Isa ya ce kada a je. Iya ta ce kada a je. Garba ya durƙusa a gabanta ya ce, "Iya, damina ɗaya. In kawo wa Hadiza takalmi, in rufe miki ɗaki da kwano." Hadizar ni ce.

An buga faifan. Wata ranar Juma'a rabin unguwa suka taru a ƙofar gidanmu, aka ji 'Yan Kudu a rediyo. Mata suka yi ta guɗa. Iya ta ce ita ba ta ji ko baiti ɗaya ba. "Na ji ya yi ɗan tari a tsakiya. Na ce yaron nan mura ke gare shi, kuma ba mai dafa mashi citta."

Daga nan abu ya lalace. Alhaji bai kai su Legas don su faɗi kukan manoma ba, kirari yake so a gaban baƙinsa. Audu ya yarda, aka saya masa babur. Garba ya ƙi. Wata rana a wurin liyafa, manyan mutane zaune, ya jero magana a kan gadar da aka kafa wa ƙafafu aka gudu aka bari, mutane suna nutsewa a rafi. Kwangilar Alhajin ce. A ranar aka fitar musu da kaya waje. Audu ya zauna wurin Alhaji. Ɗanjuma ya dawo gida bayan wata biyu a bayan motar goro, ya rataye gangarsa, bai sake taɓa ta ba.

"To Garba fa?" Kullum ni ke tambaya.

Kullum kuma amsar daban. Yau ta ce ya haye teku, yana wasa a gaban sarakunan wata ƙasa. Gobe ta ce ya yi tattaki zuwa Makka. Wata rana ta ce yana hanya, motar ce ta lalace a Kwantagora. Ni kuwa kowacce na yarda da ita.

Ina shekara tara Baffa Isa ya shigo neman garwashi, ya tarar labarin ya kai daidai wannan wurin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga malfarsa.

"Iya, don Allah ki bar yi wa yarinyar nan haka. Kullum tana bakin hanya tana duban motoci."

"Isa, fita."

"Ɗanjuma ya faɗa mana a gabanki. Ya bar Garba ƙarƙashin gada a Legas yana dako, yana magana shi kaɗai. Ya roƙe shi su taho, ya ce ba zai shigo gari hannu wofi ba. Shekara uku ke nan. Na je har can, na yi kwana goma ina nema."

Iya ba ta ɗaga kai ba. Masara ta ƙone, hayaƙi ya cika ɗakin. Can ta ce, "Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba."

"To ka bar min labarina."

Amma ba ta sake ba da shi ba. Washegari na roƙa, ta ce kanta na ciwo. Ta koma tatsuniyar dodo, 'ya'yan Baffa suka ji daɗi. Ta rasu ina shekara goma sha huɗu, ɗakinta yana nan da jinkarsa. Mahaifina bai dawo ba, ba mu kuma taɓa jin inda ya ƙare ba. Na nemi faifan nan a Kaduna bayan na yi aure, masu tsofaffin kaset suka ce ba su taɓa jin sunan ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne mutum ya zauna inda aka haife shi, ya riƙe gonarsa, ya kama bakinsa. Da shi na reni 'ya'yana. Yanzu ina zaune a Kankara cikin ɗakin aro, damina uku ba mu taka gonarmu ba saboda tsoron ɓarayin daji. Waɗanda suka zauna suka kama bakinsu ma ba su tsira ba. Na gane Iya ba darasi take koya mana ba. Uwa ce da aka bar ta da rabin labari, tana neman inda za ta ajiye shi.

Bara autana Nura ya kunna min wata waƙa a waya, ta wasu samari baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar Amurka, magana da sauri a kan kiɗa mai nauyi. Ban ji ko kalma ba, amma na gane irin ta 'Yan Kudu ce. Ya ce shi da abokansa biyu irinta suke yi da Hausa, sun yi ɗaya a kan garinmu da aka watse. Ya ce akwai wani a Legas da zai ɗauke su.

Da na nuna ban so ba, ya ce, "Umma, in na zauna me zan yi? Nuna min gonar, in ajiye waƙar."

Na duba, ba ni da abin da zan nuna masa. Na soya masa gyaɗa, na raka shi tasha. Watan farko ya kira sau uku, yana ta dariya. Na biyu sau ɗaya, muryarsa a dushe. Yau wata biyar ke nan, in na buga sai a ce min layin a kashe yake.

Kullum da safe ina kai wayar wurin mai caji. Yaron mai cajin ya daina tambayata ko an kira.