Jirgin Talatu da Motar Baba Seidu

A gidanmu na Yauri ba a fara tatsuniya sai an hura wutar banda. Kakata, mahaifiyar babana, bandar kifi ce sana'arta, kuma kowa Kaka yake ce mata, har masuntan da ke kawo mata kaya daga bakin kogi. Da an idar da sallar isha'i sai ta jera tarwaɗa da karfasa a kan ragar ƙarfe, ta tura ɗanyen itace ƙarƙashi don ya yi hayaƙi, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna. Aikin ba ya son gaggawa, kuma ba a barinsa a tafi, dole mutum ya zauna yana juyawa. Wannan zaman shi ya zama rabonmu. Mu jikoki sai mu shimfiɗa buhuna mu kewaye ta, idanu suna hawaye saboda hayaƙi, amma babu mai matsawa baya. Washegari a makaranta ko ba mu faɗa ba an san daga inda muka fito, don rigunanmu sun riga sun faɗa.

Ni take ce wa maigida, irin wasan kaka da jika. "Maigidan da ba ya noma, matso ka riƙe mini fitila," haka take farawa. Idan ta ga mun natsu sai ta ce, "Ga wata ta sauko daga rumbu, wa zai tare ta?" Mu amsa baki ɗaya, "Mu ne, ta zauna!"

Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa, wasu na manta su, wasu na haɗa kan wannan da jelar waccan. Amma akwai guda da ta zauna mini daram, ta wata budurwa mai suna Talatu.

Talatu tana zaune a wani gari na bakin ruwa, mahaifiyarta kuwa tana tsallake. Wata rana aka aiko cewa uwar ba ta da lafiya. Ruwa ya cika, masu fito duk sun tafi kamun kifi can nesa da jiragensu, babu abin da ya rage a garin sai wani tsohon kwalekwale da aka yar a gindin tsamiya, kaji suna ƙwai a ciki. Talatu ta kori kajin, ta samo tsumma da ƙaro ta toshe manyan ramukan da idonta ya gani, ta tura jirgi ruwa. Ba ta yi nisa ba ya nutse. Ta jawo shi ta ƙara toshewa, ya sake nutsewa. Ta shafe shi da laka har ya yi sumul kamar sabo, nan ma ya nutse.

Duk abin nan da take yi, akwai wani tsoho a gindin tsamiyar yana kallo. Hannuwansa rawa suke yi, ko ƙwaryar fura ba ya iya kaiwa baki sai ya zubar. Shi ya sassaƙa jirgin tun yana saurayi, amma an daɗe da daina tambayarsa komai. Talatu takan gaishe shi da ladabi, ta ajiye masa abinci, ta wuce. Sai da ta gaji, rana ta kusa faɗuwa, sannan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, na kasa."

A nan Kaka takan sauya murya, ta shaƙe ta kamar ta tsoho. "Ya ce mata, 'Yarinya, tun safe nake jiran wannan kalma. Fito da shi tudu. Kada ki sa jirgi a ruwa, ki sa ruwa a jirgi. Cika shi, ki zauna ki ga inda yake zubar da hawaye.'" Talatu ta cika jirgi da ruwa a kan tudu, sai ga ƙananan tsage-tsage sirara kamar gashi suna ɗiga ta ƙasa, inda ba ta taɓa dubawa ba. Tsoho yana nunawa da baki, ita tana liƙewa da hannu. Kafin gari ya waye jirgi ya sha iska, ta haye.

Ƙanwata Binta ba ta taɓa barin tatsuniyar ta ƙare haka ba. "Kaka, uwar ta warke?"

"Ta same ta zaune tana shan kunu, har tana faɗa wai me ya sa ta daɗe," in ji Kaka, tana juya kifi. "Tatsuniya ta nutse a nan. Wanda ya iya iyo ya bi ta."

A lokacin na ɗauka labarin haƙuri ne kawai, irin wanda manya ke so yara su ji. Na girma, Kaka ta rasu ina jami'a, aiki ya kawo ni Doha inda nake ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin gas, tatsuniyar kuwa ta kwanta can ƙasan zuciya.

Mutum na farko da na yi Hausa da shi a garin nan shi ne Baba Seidu, bakanike, mutumin Zongon Kumasi. Na kai motata gyara wani gareji a Sana'iyya, wato unguwar masana'antu, ina ta fama da guntun Larabcina, sai na ji an ce daga ƙarƙashin wata mota, "Malam, yi Hausa, ka huta." Daga ranar muka ƙulla. Ya girme ni sosai, don haka Baba nake ce masa.

A bayan garejin akwai wata tsohuwar motar Amurka mai buɗaɗɗen kai, irin doguwar nan mai faɗi kamar gado, wadda rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, shi ya bar masa ita bayan ta shekara da shekaru a yashe, rana ta cinye fentinta, kujeru sun farfashe. Baba Seidu yakan taɓa ta kaɗan-kaɗan idan aiki ya yi sauƙi. Kamar yadda mutanen Zongo suke magana, mota ma namiji ce a bakinsa. "Motan nan bai mutu ba, Malam," yakan ce. "Kafin in koma gida sai na hau shi, iska ya buge ni."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya rayu, alhamdulillahi, amma hannun dama ya daina aiki, baki ya karkace. Aka sallame shi daga asibiti ya koma ɗakinsa kusa da Asian Town yana jiran a kammala takardunsa ya tafi gida. Masu garejin suna bukatar filinsu, ɗansa kuma ya bugo daga Kumasi ya ce a miƙa wa masu sayen ƙarafa. Ban iya jure wannan ba. Na sa aka jawo motar har rumfar gidana a Al Thumama.

Matata Hadiza ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta riƙe haɓa. "Abban Safiya, wannan gawar fa? A nan za mu yi mata wanka?"

Na ce mata so nake in tayar da ita kafin Baba ya tafi, in je in ɗauke shi ba zato. Ban taɓa kwance ko fulogi ba a rayuwata, amma ina da waya, kuma akwai masu koyar da komai a cikinta. Duk safiyar Juma'a da Asabar ina rumfa. Na goge tsatsa har yatsuna suka yi kanta. Na sa sabon batir da sababbin fulogi, na sauya baƙin mai, na kai kujeru aka yi musu sabuwar fata, na sa aka fesa mata jan fenti. Ta yi kyau har maƙwabta suna tsayawa ɗaukar hoto. Baba kuwa nakan je duba shi da 'ya'yan itace da abincin Hadiza. Kullum a kwance nake samunsa, fuska ga bango. In ce ya jiki, ya ce da sauƙi, shi ke nan. Ban taɓa yi masa zancen motar ba, wai don kada in tayar masa da hankali.

Ranar da na murɗa makulli ta tashi, ihu na yi kamar yaro. Na ja ta zuwa bakin ƙofa, ta yi tari sau biyu ta mutu. Na jira, na sake tayarwa, ta yi 'yan mintuna ta mutu. Mako uku ina wannan. Na kwance kafireta na wanke na mayar, ta yi lafiya kwana ɗaya ta koma gidan jiya. Ga lokacin tafiyar Baba yana matsowa.

Wata Asabar Hadiza ta kawo mini shayi ta same ni zaune a ƙasa, waya a hannu, baƙin mai har goshi. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Ni abin da ban gane ba, mai motar nan yana da rai, yana da kunne, yana da baki. Ka bar shi kwance kana tambayar waya."

A take na ji muryar Kaka, shaƙaƙƙiya irin ta tsohon nan. Kunya ta rufe ni. Na ga cewa abin da nake kira tausayi ba tausayi ba ne zalla. Na riga na cire Baba Seidu daga cikin masu amfani, na mai da shi wanda ake kai wa abinci a wuce.

Ko wanka ban yi ba na tafi. Na same shi yadda na saba, fuska ga bango. Na zauna a bakin gado na ce, "Baba, motarka tana gidana. Na yi iya yina, na kasa."

Can ya juyo a hankali. "Me yake yi?"

"Tana tashi, ta yi 'yan mintuna, ta mutu."

"Ka wanke tankin mai?"

Na ce ban ma taɓa shi ba.

Wani sauti ya fito daga karkataccen bakin nan, sai daga baya na gane dariya ce. "Ka sa masa riga mai kyau, cikinsa duk tsatsa. Tsatsa ke bin tiyo yana toshe kafireta. Ko sau ɗari ka wanke, zai dawo." Ya miƙo hannun hagu. "Yalla, ba ni sandana."

Daga ranar duk ƙarshen mako sai na je na ɗauko shi. Muka ajiye masa kujera a inuwa kusa da bonet. Shi ke faɗa, ni ke yi. Muka sauke tanki, abin da ya fito daga ciki kamar garin jar ƙasa. Muka sauya tiyon mai, muka bi birki ƙafa huɗu, muka gano lagireto ma tana yoyo ta wani gefe da ban taɓa leƙawa ba. Ba ya raga mini ko kaɗan. "Khalas, Malam, kar ka ƙara ɗaurewa, za ka karya! Kai da karatu, sifana ya fi ƙarfinka?" Da farko sai na kasa kunne sosai kafin in gane maganarsa, amma da yake kullum yana da abin faɗa, harshen ya fara sakewa. Ya fara cin abinci da gaske. Har ya zauna a ƙofar kicin yana koya wa Hadiza yadda ake soya baƙin yajin nan na mutanen Ghana, yana ce mata ta rage wuta.

Wata safiyar Juma'a, lokacin da zafin Doha ya sauka, ya sa na tayar da injin ya rufe ido yana saurare. Ya ce in taka totur, na taka. Ya ce in saki. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Naɗe rufin."

Muka bi titin bakin teku, shi a gaba, Hadiza a baya tana riƙe da mayafinta da hannu biyu. Motar tana tafiya da wani gurnani mai nauyi, mutane suna ɗaga mana hannu. Iska ta fizge hularsa ta yi gaba da ita. Na fara neman wurin tsayawa, ya buga mini cinya da hannun hagu. "Bar shi! Tafi!" Na saci kallonsa, hawaye na bin kumatunsa, bakinsa kuma a buɗe yana dariya.

Ya koma Kumasi bayan makonni kaɗan, ya bar mini motar amana. Yanzu yana zama a wata rumfar gyaran mota a unguwarsu, matasan makanikai suna tayar masa da inji yana gaya musu ciwon da kunne. Yakan aiko mini da saƙon murya, yawanci faɗa ne a kan ko na duba ruwan lagireto.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ashe tatsuniyar Kaka ba ta jirgi ba ce, ba ma ta Talatu ba ce sosai. Muna iya ciyar da tsoho, mu saya masa magani, mu gaishe shi da ladabi, alhali mun kashe shi da rashin tambaya. Mutum yana son a bukace shi kamar yadda yake son abinci.

Mahaifiyata tana nan da rai a Yauri, ƙafafu sun yi nauyi, ba ta fita. Na lura shekaru ke nan hirarmu ba ta wuce ya jiki, an sha magani, Allah ya ƙara sauƙi. Rannan na kira ta na ce, "Inna, zogalen da na shuka a bayan gida ganyensa sai rawaya yake yi yana zubewa. Na rasa yadda zan yi."

Na ji tana gyara zama. Ta tambaye ni irin ƙasar, da lokacin da nake ban ruwa, da ko na taɓa sare kansa. Ta yi mini faɗa, ta ba ni labarin wani zogale da ta raya a gidan mahaifinta, ta koma kan faɗan. Mun fi awa guda. Da zan ajiye waya ta ce, "Tsaya, ina za ka? Ai ban gama ba."