Lorna da Ƙasusuwan Bakin Kogi

Shekara arba'in da uku ina auren Lorna, kuma ban taɓa cin ta a gardama ba. Wankin zannuwa ta yi a ƙaramin asibitin garinmu har bayanta ya ranƙwafa, amma ba da wannan aka san ta ba. Duk shekarar da kogi ya cika ya zaftare gaɓa, ƙasusuwan mutane kan fito fili. Doka ta ce 'yan sanda za a fara kira. Su kuwa Lorna suke fara kira, ni in tuƙa ta.

A da, cusa su suke yi a leda su aika birni, kakanninmu su shekara goma a cikin durowa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Lorna ce ta hana. Takan hura wuta da ɗanyen ganye, ta gaishe da mai ƙasusuwan, ta faɗa masa ko ita 'yar wane ce, sannan ta duƙa. In ta ga mutum a takure ta gefe guda, haƙoransa sun zaizaye saboda garin dutsen niƙa, sai ta ce, "Namu ne, na da can." Likitan birni ya zo ya tabbatar, a naɗe shi da ɓawon itace, a mayar da shi ƙasarsa.

Amma ni na san abin da take nema. Ƙaninta makiyayin shanu ne a gonar wani Bature. Wata damina ya shiga ruwa da dokinsa, dokin ya dawo shi kaɗai. A wurinmu ba a ambaton sunan mamaci, don kada a yi ta kiransa ya kasa tafiya. Kowa ya daina faɗin sunan, har da ni. Lorna ta ƙi.

"Kun ga gawarsa?" in ji ta. "To ku rufa mini baki."

Kullum sai ta sako sunan a hira, ko ana zancen kifi ne. Tsofaffi suka yi ta faɗa har suka gaji. Ni kuma duk ƙashin da muka je dubawa, ina kallon yadda take fara duba dantsen hagu. Ƙanin nata yana yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a nan, ita ta ɗaure masa karayar, ta haɗu a karkace.

Bara, bayan ruwa ya janye, Sajan Pritchard ya bugo waya da safe.

"Anti Lorna, ga wani kuma a ƙasan tsohuwar mashigar shanu."

"Kun taɓa shi?"

"Wa ya isa? Ina son kunnena."

A hanya ta yi ta mita. "Tsoho, tuƙi kake ko gyangyaɗi?"

"In kin fi ni iyawa, ga sitiyari."

Ta yi hayaƙinta, ta yi gaisuwarta, ta duƙa. Wannan ba a takure yake ba, kuma ga kan bel ya yi tsatsa a cikin laka. Ta share ƙasa daga dantsen hagu da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai goge wa jariri fuska.

"Aikina ne wannan," ta ce. "Ban iya ɗauri ba a lokacin."

Sajan ya cire hularsa. "Anti, dole sai an yi gwaji a birni."

"Ku yi, ɗana. Amma ba a leda ba, kuma ƙafata ƙafarsa."

Haka aka yi. Ta naɗe shi da hannunta, ta riƙe shi a cinya tun daga kogi har birni. Gwaji ya fito bayan wata biyu, ya faɗi abin da ta riga ta sani. Muka binne shi kusa da uwarsu.

Muna dawowa daga wurin binnewa, tausayinta ya cika ni. Na so in ba ta labarin ranar da ƙanin nata ya fara kai ni gidansu, sai ga sunan da na haɗiye shekara arba'in ya taho bakina. Kafin ya fita, ta ɗora tafin hannunta a kan leɓena. Yana ƙamshin hayaƙi.

"A'a, tsoho," ta ce. "Kada ka kira shi. Ya iso gida, bar shi ya huta."