Takubban Karan Babanmu

Shekarar da nake aji huɗu a firamare yaƙi ya ɓarke a bayan dutsen ƙauyenmu, can kan hanyar Roni, kuma ni ne sarkin yaƙin. Takubbanmu na kara ne, amma ba kowane kara ba. Na gero tarkace ne, sara ɗaya ya karye, kuma a dokarmu wanda takobinsa ya karye ya mutu ke nan, sai ya kwanta a ƙasa har a tashi. Karan dawa muke nema, mai kauri, na wajen gindi. Mu fiƙe bakinsa da reza, mu gicciya guntu a mariƙi, mu ɗaure da kaba. In ka ɗaga shi sama kana ihu, wallahi mantawa kake yi wandonka duk faci ne. Ban sake jin daɗi irin na waɗannan yammacin ba.

Abin da ya ɓata lamarin, duk ƙauyen babu karan dawa kamar na babanmu. Bayan girbi ya ɗaure shi dami-dami ya jingine a gindin gawon gonarmu, zai sabunta dangar gida da shi. Ni da kaina na nuna wa rundunata hanya. Ba ma kwance dami, daga tsakiya muke zarewa, wai don kada a gane. Mu goma sha biyu ne fa, kuma kullum sai an mutu.

Babanmu kuwa mutum ne mai zargi, ko takalminsa aka gusar sai ya bi kowa da kallo. Bai yi mako ba ya lura igiyoyin sun yi sako-sako. Ya fara da innarmu, wai ita ke hura wuta da shi, ta ce ƙafarta rabonta da gona tun roron wake. Daga nan sai zarginsa ya sauka kan wani dattijon Bafulatani da ke sauke shanunsa a gonarmu duk bayan girbi. Tsohuwar al'ada ce tun zamanin kakanmu: shanu su ci abin da ya rage a gona, su bar mana taki. Babanmu ya ce saniya ba ta iya zare kara daga tsakiyar dami, amma mai ita yana da hannu. Har share gindin gawon ya yi don ya ga sawu. Shanu suka bi ta wurin suka tattake namu.

Sai ya ɗora ni gadi. Ni!

Kwana uku yana tambayata ina cewa ban ga kowa ba. A na huɗu ya ƙura mini ido, sai na ce na ga dattijon yana zagayawa ta wajen. Ba ƙarya na yi ba, kullum ta nan yake wucewa. Amma na san abin da na aikata.

Washegari babanmu ya je ya ce masa ya nemi wata gonar. An ce dattijon bai yi musu ba, tambaya kawai ya yi ko wani laifi aka gani, babanmu ya ce shi dai ya tashi.

Da la'asar muna tsakiyar yaƙi sai ga shanun sun ɓullo ta bayan dutse, dattijon yana biye da su da sanda a kafaɗa. Filin nan kaca-kaca da karyayyun takubban wata guda. Ya tsaya ya dubi ƙasa, ya daɗe. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi takobina. Ya juya shi, ya taɓa kaifin da yatsa.

"Yaro, karan gidanku ne wannan?"



"Kara mai kyau," in ji shi. Ya miƙo mini ta wajen mariƙin, ya bi shanunsa.

Mako guda ina jiran bulala, duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko dattijon ne. Bulalar ba ta zo ba. Dattijon bai faɗa wa kowa ba, bai kuma sake sauka a gonarmu ba. Babanmu ya yi shekara ashirin bayan nan, kuma duk sanda aka yi zancen mutumin sai ya ce ai ɓarawon kara ne. Sau da yawa ina zaune a wurin, da gemuna, ban taɓa buɗe baki ba.