Fiffiken da Aksel Ya Yanka

Kullum da safe Aksel Thygesen kan jingine kekensa a bangon rumfar jiragen ƙungiyarmu, ya kunna murhu don kada sanyi ya hana gam kamawa, sannan ya zuba kofi. Kafinta ne, kuma tun yana saurayi yake tuƙa ƙananan jiragen sama. Bana ya ajiye aiki. Ban ji wanda ya ce masa sannu ba, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Jirgin da ƙungiya ta ƙera kwaikwayon wani tsohon jirgin katako ne na zamanin kakanninmu. Aksel ya ɗauki fiffiken hagu. Preben, shugabanmu, ya kwashi na dama zuwa garejinsa, don shi ba ya aiki ana kallonsa. Ashe zanen iri biyu ne: Aksel na bin na asali, Preben na bin wanda aka gyara daga baya. Kowanne lafiya lau yake, in dai shi aka bi hagu da dama. Ranar da aka haɗa su, sai ga bakin na dama ya ɗara na hagu tashi da kaurin yatsa.

"Yatsa ɗaya fa!" in ji Preben. "A cusa ɗan katako a wuce wurin. Ni dai ba mai taɓa mini nawa."

"Kai za ka fara hawa?" Aksel ya tambaye shi.

"Kai ke sauri, tsoho, ba ni ba."

Wannan magana ta yi muni, kuma da gangan ya faɗe ta. Kowa ya san likita ya gaya wa Aksel idonsa na mutuwa, bazara ɗaya ta rage masa kafin a karɓe lasisinsa na tuƙi. Sake fiffike kuwa aikin shekara biyu ne. Kowa ya koma kallon takalminsa.

Aksel ya ɗauko zarto ya raba nasa fiffiken biyu, don kada wani ya lallaɓa ya ɗaura shi a bayan idonsa. Matarsa Bodil ta ce ranar ko burodinsa bai taɓa ba.

Aksel, kai ne ka koma bin zanen Preben, ka sake ƙera fiffiken ba tare da ka zage shi ba. Kai ne ka manna katakon ƙarshe da lalube, hanci kusan a jikin aikin. Kafinta, maganin karkace!

Bayan shekara biyu jirgi ya tashi a watan Yuni, Preben a ciki yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Aksel na tsaye cikin ciyawa, ya juya fuska inda ƙarar take.

"Bodil, ya karkata?"

"Bai karkata ba."

"To, mu je gida."

Mun gode, Aksel, ko da godiyar ta zo a makare. Ku kuma matasan da ke layin hawa jirgin nan, ku yi koyi da shi. In kun lula sama, ku waiga hagu: wanda ya ƙera fiffiken nan sau biyu bai taɓa ganinsa a sama ba.