Zabuwar da Hamma Sale Ya Yanka

Yayana, Hamma Sale, shi ya kashe mini 'ya. Bai sa mata wuƙa ba, bai ɗaga mata hannu ba. Wayar ma'aikaciyar lafiya ya farfasa da taɓarya, 'yata Patu da ke aure a gidansa ta mutu da cikin fari. Mutane suna ta cewa in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma bakina ban bar wa kowa ba. Ni mahauci ne a kwatar Jimeta, karatuna bai je ko'ina ba, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da shi wuta ɗaya muka sha. A unguwar Gwadabawa ta nan Jimeta muka tashi, a gidan kakarmu Dada Mairama. Ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. In sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai ta hura karan dawa a tsakar gida, ta binne gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Zanenta kullum ƙamshin man shanu da hayaƙi. Hamma Sale da yake babba shi ke zama jikin gwiwarta, shi ke tono gyaɗar, ya ba ni ƙonanniya ya ci mai kyau. Dada tana gani ta yi kamar ba ta gani ba, can sai in ji ta turo mini tata ta bayan tabarma.

Ita ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe tana ɗingishi." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ba ta sanda." Mafi yawan tatsuniyoyinta na dariya ne, amma akwai ɗaya da ba a dariya a cikinta, wato ta zabuwa.

Wai a wani gari a gaɓar Binuwai, wata tsohuwa tana da zabuwa. Zabuwar nan ba ta kuka sai mesa ta fito daga ruwa. Da ta yi kuka, mata su kwashi yara su hau tudu, maza su fito da masu, mesa ta koma da yunwarta. Wata rana zabuwa ta yi kuka, ɗan wani mutum bai samu hawa tudu ba. Uban yana kallo mesa ta naɗe yaron. A nan Dada kan ɗauki kara ta karya shi a kunnenmu, ƙas, ƙas, ta ce haka haƙarƙarinsa ya riƙa yi. Tun daga ranar, in zabuwa ta buɗe baki sai mutumin ya tuno ƙarar haƙarƙarin ɗansa. Ya ce ai duk ranar da tsuntsuwar nan ta yi kuka mesa na zuwa, ashe ita ke kiranta. Ya kama ta, ya yanka ta, ya gasa, ya cinye. Gari ya yi tsit, kowa ya yi barci mai daɗi. Mesa ta fito ba mai shela, ta fara da gidan mutumin, ta haɗiye matarsa tana goye da jariri, sannan ta bi gida gida.

Na tuna sarai, Hamma Sale ya ce, "Dada, to naman ya yi daɗi?"

Ta ƙwanƙwashe shi da ludayi. "Kai dai cikinka, ɗan banza. Ku ji da kyau. Wanda ya yanka mai kuka, bai yanka abin da ake wa kukan ba. Ku tashi, tatsuniya ta koma gida da sandarta."

Muka girma, Dada ta rasu. Hamma Sale ya tafi Mubi yana sayar da atamfa. Lokacin da 'yan bindigar nan suka ci garuruwan arewa, a hanya suka tare su. Suka jera mutane a bakin kwalta, suna karɓar waya suna dubawa. Wanda aka ga lambar soja ko sunan ma'aikacin gwamnati a wayarsa, a kwantar da shi. Abokin kasuwancinsa, don an ga hoton ƙanensa da kaki, aka yanka shi kusa da ƙafar Hamma Sale, jinin ya shiga masa takalmi. Ni da nake yanka shanu kullum na san yadda jini ke tsartuwa, ba sai an ba ni labari ba. Ya iso Yola ta daji, ƙafa duk ta tsage. Ni na wanke masa ita, ni na nema masa gida a Namtari. Daga nan bai ƙara riƙe waya ba, bai kuma yarda a rubuta sunan gidansa a ko'ina. Na tausaya masa. Har 'yata na ba babban ɗansa Isa, don zumunci ya ƙara kauri.

Da Patu ta samu ciki, akwai wata ma'aikaciyar lafiya mai bin gidaje a Namtari, Malama Rifkatu, mutuniyar wajen Numan. Ba likita ba ce, ita ma tana faɗa. Tana da abin awon jini da ake ɗaurawa a dantse, da waya mai shafe-shafe. In ta auna mai ciki sai ta sa abin da ta gani a wayar, ta amsa tambayoyi: ƙafa ta kumbura, kai na ciwo, ido na ganin duhu. Wayar ta nuna kore, ko ruwan ɗorawa, ko ja. In ja ne, saƙo ya tafi wurin nas a asibiti, a kira mai keke Napep, kafin mace ta isa an shirya mata gado. Mata da yawa a unguwar ta wannan hanya suka sha.

Ranar da abin ya faru Isa yana kan hanya da mota, ni ina kwata. Rifkatu ce ta ba ni labari daga baya, matar Hamma Sale kuma ta tabbatar. Ta tarar da Patu fuska ta kumbura, tana riƙe da kai. Ta auna, waya ta nuna ja. Tana cikin sa kwatancen gida don mai keke ya gane, sai ga Hamma Sale.

"Me kike rubutawa?"

"Baba, sunanta ne da inda gidan yake. Jininta ya hau sosai, yanzu ya kamata a kai ta."

"Wa za ki tura wa gidana?"

"Asibiti, Baba. Ga shi, ka duba."

Patu daga kan tabarma ta ce, "Bappa, ka bar ta. Wallahi ba na ganin ka sosai."

Ya fizge wayar, ya ajiye ta kan turmi, ya sa taɓarya. Yana duka yana cewa wannan abin shi ke kawo mutuwa gida. Rifkatu ta kai hannu, taɓaryar ta same ta a yatsu, biyu suka karye. Ya tura ta waje ya sa sakata. Ta tsaya a ƙofa tana bugawa da hannu mai lafiya, tana cewa ko ba waya a kai yarinyar asibiti. Ya ce ciwon kan mai ciki ba sabon abu ba ne, aka jiƙa mata sassaƙe. Rifkatu ta tafi a ƙafa neman mai unguwa, ta tarar mai unguwar ya tafi gona. Kafin ta dawo da mutane su ɓalle ƙofar, jijjiga ta kama Patu. Ta tauna harshenta har ya rabe, kanta na bugun ƙasa. A cikin keken da aka samo don kai ta asibiti ta cika, kan gadar shiga gari ma ba su kai ba. Abin da ke cikinta ya bi ta.

Tun ina yaro na ɗauka mutumin tatsuniyar Dada wawa ne. Yanzu na gane ba wawa ba ne, ya ga abin da ya gani ne. Shi ya sa Dada ke karya kara a kunnenmu kafin ta kai ga yankan zabuwa, don mu san tsoronsa na gaske ne. Amma duk da haka ba ta taɓa cewa an yafe masa ba. Ita da ta karɓi haihuwa shekara da shekaru da hannu da ido kawai, ta san darajar abin da zai yi kuka tun da sauran lokaci. Da ta ga wayar nan, a bakin zanenta za ta ƙulle ta.

Na bari har aka share makoki. Sai na ji matar ƙaramin ɗan Hamma Sale tana da ciki a wannan gida, kuma Rifkatu ta samu wata wayar amma tana tsoron ƙofar. Na tashi daga kwata ko riga ban canja ba, na same shi a ƙofar gida da carbi, da dattawa a gefensa. Ya fara cewa, "Ƙanena, ƙaddara ce, kai ma ka san abin da na gani a hanyar Mubi."

Na ce, "Na sani, Hamma, ni na wanke maka ƙafa. Amma kai ne ke zama jikin gwiwar Dada, ba ni ba. Kai ka tambaye ta ko naman zabuwa ya yi daɗi. To yanzu ka ci, kai za ka faɗa mini. Masu yanka mutane sun bar ka da rai, ka zo ka ƙarasa musu aiki a kan 'yata. Gobe Malama Rifkatu za ta shiga gidan nan da wayarta ta auna yarinyar nan, ni zan tsaya a bakin ƙofa. In ka kai hannu, wallahi da taɓaryar da ka karya mata yatsu zan karya naka. Gaisuwa kuma ka riƙe abarka, in mun haɗu da Patu gaban Allah ka fara gaishe ta."