Malam Sake-Gwadawa da Jerin 'Ya'yansa

Haihuwa da asali

An haifi marigayi, wanda ɗalibansa suka fi sani da Malam Sake-Gwadawa, a shekarar 1963, a garin da mahaifinsa ya gina kusan rabin shagunan bakin kasuwa. Mahaifin nasa magini ne mai ƙarancin magana, amma ba ya wuce gininsa sai ya ɗaga haɓa ya ce, “Aikina ne.” Mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai hannunsa ya ƙi jera bulo, domin in ya ɗora layi ɗaya sai an rushe an sake. Da uban ya gaji, sai ya tura shi boko.

Karatu da aikin farko

Ya shiga firamare a 1970, ya kammala sakandare a 1981, daga nan ya yi shekara biyu yana koyon buga tafireta a wani ɗaki da ke saman shagon mai gyaran agogo. A 1984 aka ɗauke shi aikin akawu a wani ofishi mai fanka ɗaya da kabad uku na takardu, inda ya shekara goma yana buga wasiƙun da bai taɓa ganin amsarsu ba.

A 1994 aka kawo kwamfuta ofishin. Ta yi wata huɗu lulluɓe da mayafi saboda kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a hannunsa, har aka yanke shawarar cewa mai tafireta ne ya fi kusa da ita, tunda ita ma maɓallai gare ta. Da littafin bature wanda shafukansa na farko suka yage ya koyi rubuta mata umarni. Shi da kansa ya sha faɗa cewa bai san ranar da ya iya ba, kuma bai tabbata ya iya ɗin ba.

Aure da iyali

A 1989 ya auri wata ungozoma da ke aiki a ƙaramin asibitin unguwarsu, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Zaman lafiya suka yi, sai dai tafiya da ita a titi tana sosa masa rai, domin ba sa taku ashirin sai ta nuna wani ƙato ta ce ita ta karɓi haihuwarsa. Ga uba mai nuna gini, ga mata mai nuna mutane, shi kuwa ba shi da abin nunawa.

Koyarwa

A 2001 ya ajiye aikin akawu ya koma wata sabuwar cibiyar koyar da matasa rubuta manhaja da haɗa shafukan intanet. Ɗaki ne mai tsawo, kwamfuta shida, ɗalibai talatin, da janareto mai tari. Biyar-biyar suke zama, ɗaya na bugawa huɗu na gyara masa da baki. Duk wanda ya zo ya ce abu ya ƙi, amsar malamin ɗaya ce, “Sake gwadawa.” Wasu sun ɗauka hikima ce. Gaskiyar magana ita ce sau da yawa shi ma bai san dalilin ƙin ba, kuma in abin ya yi bai san dalilin yin ba.

A darasin jera sunaye a shafi ne ya yi misali da gidansu: ya rubuta sunan mahaifinsa, a ƙarƙashi nasa, a ƙarƙashin nasa 'ya'yansa uku, ya ce kowa ya je ya yi irinsa. Nufinsa kowa ya haɗa na gidansu. Wata ɗaliba mai sayar da katin waya ba ta fahimci haka ba, sai ta buɗe fayil ɗin malamin ta ƙara sunanta a ƙasan autarsa. Masu wannan sana'a kuwa an san su da kwafe abin da na gaba ya yi muddin ya yi aiki. Kafin mako ya ƙare malamin yana da 'ya'ya talatin da uku, kuma ajin da ya biyo baya ya tarar da abin a matsayin doka.

A 2003 ya kai mahaifinsa cibiyar, domin tsohon ya dame shi da tambaya guda: “Kai kullum ka ce kana gina shafi. Ina ginin?” Ya zaunar da shi gaban allo, ya buga adireshin wani shafi da ya haɗa wa kamfanin sufuri. Allon ya yi fari fat.

“To, ina yake?”

“Yana nan, Baba, bai buɗe ba ne.”

“Yana nan a ina? Ƙofa ce ta ƙi?”

“Layi ne ba kyau. Bari in sake gwadawa.”

Sau tara ya sake, daga nan janareto ya mutu. Tsohon ya ɗauki sandarsa, ya ƙwanƙwasa bangon ajin ya ce wanda ya yi filastar nan bai san aiki ba, ya fita. Ya rasu a 2004 bai ga komai ba, kuma wannan ya tsaya wa malamin a rai har ƙarshen rayuwarsa.

A 2009 wata maƙwabciya ta nuna wa ungozoma shafin iyalin a waya. Ungozoma ta ƙirga 'ya'ya ɗari biyu da sha ɗaya ƙarƙashin sunan mijinta, ta tare shi a ƙofa.

“Malam, uku na sani. Sauran wa ya karɓi haihuwarsu?”

Ya yi mata bayanin fayil da jeri har abinci ya huce. Ta ce ba ta gane ba, amma ta yarda, don mutumin da ba ya iya ɓoye tsire a aljihu ba zai ɓoye 'ya'ya ɗari biyu ba. Ya yi alkawarin gogewa, bai goge ba.

Shekarun baya

Daga 2012 abubuwa suka riƙa gudu suna barinsa. Abin da ya koyar bana, baɗi a ce ya tsufa. Kamfanin sufurin ya rufe, shafinsa ya ɓace, haka sauran da ya haɗa suka bi ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɓaraguzai. Ɗalibansa suka watse, wasu na aiki daga ɗakunansu ga mutanen da ba su taɓa gani ba, in ya tambaye su me suke yi su yi masa bayanin da bai gane rabinsa ba, ya gyaɗa kai kamar yadda aka sha gyaɗa masa. Ya yi ritaya a 2021 cikin baƙin ciki, yana gaya wa matarsa cewa shekara ashirin ya yi yana gini a kan iska. Shafin iyalin nan kaɗai ya rage, mummuna, rubutu baƙi a kan fari.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata a watan Maris na 2023, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin. Ma'aikacin cibiyar da ya rubuta sanarwa ya kwafo adadin 'ya'ya daga shafin bai duba ba, aka bazama cewa marigayi ya bar 'ya'ya ɗari shida da goma sha huɗu. Dangi suka ruɗe, ƙannensa suka yi ta kiran juna. An binne shi da la'asar kusa da mahaifinsa, a cikin taron da ya toshe titi, galibi matasa masu jaka a baya waɗanda ba wanda ya san su a gidan.

Kwana uku bayan haka autarsa ta buɗe fayil ɗin don ta gyara kuskuren. Masu rubuta manhaja suna da wata al'ada ta barin saƙo a cikin rubutunsu, wanda ba ya fitowa a shafi sai ga wanda ya buɗe ciki. A saman jerin, dab da sunan kakanta, ta tarar da layi ɗaya na mahaifinta mai kwanan watan 2021: “Kada a goge. Baba, ban tabbata ba, amma ina jin wannan ne ginin.” Ta rufe fayil ɗin yadda ta same shi.

Ya rasu ya bar matarsa ungozoma, da babbar 'yarsa malamar makaranta, da ɗansa direban motar asibiti, da auta mai harhaɗa magunguna, da mai sayar da katin waya wadda yanzu ita ke koyarwa a ajinsa, da wasu ɗari shida da goma. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.